Masu agogon awa 72 su bar mana Juma'armu

Ista, bikin tashin Yesu daga matattu, ba ta zuwa Kumasi ita kaɗai. Kafin motocin masu zuwa shagalin Ista a Kwahu su fara cika a tasha, tsohuwar gardamar nan ta riga ta zagayo a WhatsApp, masu wa'azi da lasifika a bakin kasuwar Kejetia kuma sun ɗauka: wai Juma'ar da coci-coci ke tunawa da gicciye Yesu ƙarya ce, ranar Laraba aka gicciye shi, ya tashi da faɗuwar ranar Asabar. Da a nan abin ya tsaya da sauƙi. Amma yanzu har ana tsorata tsofaffi cewa zuwa sujadar Juma'a bin al'adar arna ne, kuma a zangon Aboabo da Asawase matashin Kirista yakan yi tsuru-tsuru idan abokinsa ya ce masa, "To ƙirga mana dare uku daga Juma'a zuwa Lahadi."

'Yan'uwanmu Musulmi ba su cikin wannan rigima, don aya ta 157 a Suratun Nisa'i ta riga ta raba musu gardama cewa ba a gicciye shi ba. Maganata da masu riƙe da Littafi Mai Tsarki ce, waɗanda suka ɗauki aya guda suka mai da ita agogo.

Ayar ita ce Matiyu 12:40, inda Yesu ya ce kamar yadda Yunusa ya yi yini uku da dare uku a cikin kifi, haka Ɗan Mutum zai yi a cikin ƙasa. Lissafinsu ke nan: uku sau 24, awa 72. Daga binnewa gab da magaribar Juma'a zuwa asubahin Lahadi kuwa awa 36 ne ko kusa da haka, dare biyu kacal. Wannan gaskiya ne, kuma duk faston da ya ce akwai dare na uku a ɓoye a wani wuri yana yi wa mutane rufa-ido. Abin tambaya shi ne, haka Bayahuden ƙarni na farko yake ƙirga kwanaki?

Abin da ke ba ni mamaki shi ne a Kumasi ake wannan ruɗani, garin da kowa ke da amsar a bakinsa. Jaririn da aka haifa ranar Talata, Talata mai zuwa ake raɗa masa suna. Bahaushe ya ce kwana bakwai, Batone, wato mutumin Asante, ya ce rana ta takwas, kuma rana ɗaya suke nufi. Kalmar mako ma a Twi, nnawɔtwe, ma'anarta kwana takwas, don suna haɗawa da ranar farawa da ranar gamawa. Babu wanda ya taɓa cewa Tonawa sun ƙara wa mako rana. Haka Yahaya 20:26 ya ce "bayan kwana takwas" yana nufin Lahadin da ta biyo. Sannan idan malami ya ce daren Juma'a, kowa a zango ya san daren da ke farawa da magaribar Alhamis ake nufi. Yahudawa ma daga faɗuwar rana suke fara sabuwar rana. Saboda haka ragowar yammacin Juma'a rana ta ɗaya ce, daga magaribar Juma'a zuwa magaribar Asabar ta biyu, daga nan kuma an shiga ta uku. Wani malaminsu, Eli'azar ɗan Azariya, wanda ya rayu wajen shekara ta 100, an ruwaito shi a Talmud, kundin koyarwar malaman Yahudawa, yana cewa yini da dare ma'auni ɗaya ne, kuma ɓangarensa daidai yake da dukansa.

Littafin da kansa yana amfani da wannan lissafi ba tare da neman gafarar kowa ba. A Esta 4:16 sarauniya ta ce a yi azumi kwana uku, dare da rana, sa'an nan ta shiga wurin sarki. A 5:1 ta shiga "a rana ta uku", ba ta huɗu ba. A Luka 13:32 Yesu ya jera su da bakinsa: yau, gobe, rana ta uku. Mu da muke da jibi a harshenmu ba mu bukatar sharhi. A Matiyu 27:63 da 64 shugabannin firistoci sun ce wa Bilatus mutumin nan ya ce zai tashi "bayan kwana uku", sai suka roƙa a tsare kabarin "har rana ta uku". Maƙiyansa ma sun ɗauki furucin biyu abu ɗaya. Bulus a 1 Korintiyawa 15:4 "rana ta uku" ya ce. Ayoyin da ke faɗin haka sun fi goma. Mai yini uku da dare uku guda ɗaya ce. Wane irin karatu ne zai tanƙwara goma don su bi ɗaya?

Yanzu a gwada Larabar a kan hanyar Imuwasu. Luka 24 ya ce ranar farko ta mako ce, da yamma, almajirai biyu suka ce wa baƙon da ya same su a hanya, a aya ta 21, yau rana ta uku ke nan da faruwar waɗannan abubuwa. Ƙirga daga Laraba: Laraba, Alhamis, Juma'a, Asabar, Lahadi, rana ta biyar. Cire Larabar, ta huɗu. Ko ta yaya aka juya ba ta zama uku. Masu wannan ra'ayi sukan ce ai almajiran daga ranar da aka sa wa kabari hatimi suke ƙirgawa. Aya ta 20 ta faɗi abin da suke nufi: an yanke masa hukuncin kisa, an gicciye shi. Babu hatimi a bakinsu.

Hujjarsu mafi ƙarfi ita ce ta kayan ƙanshi, kuma ya kamata a ba ta haƙƙinta. Markus 16:1 ya ce matan sun sayi kayan ƙanshi bayan Asabar ta wuce. Luka 23:56 ya ce sun shirya kayan ƙanshi sa'an nan suka huta ranar Asabar. Sai aka ce to lalle Asabar biyu ce a makon: ta idi ranar Alhamis, bisa Littafin Firistoci 23:7, da ta mako, Juma'a kuma tana tsakani, ranar ciniki. Dabara ce mai kyau, amma tana haifar da abin da ya fi ta nauyi. Idan matan suna da Juma'a sukutum, kasuwa a buɗe, ba dokar hutu, me ya hana su zuwa kabarin ranar? Me ya sa suka jira asubahin Lahadi, gawa ta kwana huɗu, alhali Marta ta ce game da Li'azaru a Yahaya 11:39 cewa a kwana huɗu ya riga ya yi wari? Ba tsoron masu gadi ba ne, don a Markus 16:3 damuwarsu ɗaya ce, wa zai mirgine musu dutsen. Duk matar da ta taɓa shirin biki ta san amsar: an haɗa abin da ke gida kafin magaribar Juma'a, aka ƙaro sauran da daren Asabar da shaguna suka buɗe.

Sai kalmar da suke tsallakewa. Dukan marubutan bishara huɗu sun kira ranar gicciyen "ranar shiri", paraskewe da Girkanci, Markus 15:42 kuma ya fassara ta da kansa: jajibirin Asabar. Har gobe sunan Juma'a ke nan a ƙasar Girka. Yahaya 19:31 da ya ce Asabar ɗin babba ce bai ce wata rana ce dabam ba, idi ne ya faɗo a kan Asabar. Yustinu Mai Shahada, wani marubucin Kirista, yana rubutu a Roma wajen shekara ta 155, ya ce an gicciye shi ranar da ke gaban ranar Satun, wato jajibirin Asabar, ya bayyana washegarinta, Lahadi. Wannan kusan shekara 170 ne kafin taron bishop-bishop na Nikiya da Sarki Kustantin ya kira a 325, don haka zancen cewa Sarki Kustantin ne ya ƙirƙiro Juma'ar bai da kai bai da gindi. Rigimar da ikilisiyar farko ta yi, tsakanin bishop Polikarp na Simirna da bishop Anisetus na Roma, a kan ranar yin bikin ne, ko 14 ga Nisan, watan Yahudawa na Idin Ƙetarewa, ko Lahadi. Ba a ji ɗayansu ya ce Laraba ba. Ko 'yan Adbentis, da suka fi kowa riƙe Asabar a ƙasar Asante, a kan Juma'a suke. Masu cewa Alhamis kuwa sun samo darensu na uku, amma sun yi karo da "ranar shiri" kamar kowa.

Abin haushi shi ne akwai matsala ta gaske a wannan fage, kuma masu lasifika ba su taɓa ta, don ba ta sayuwa a bidiyon minti uku. Matiyu, Markus da Luka sun nuna abincin ƙarshe da Yesu ya ci da almajiransa shi ne cin Idin Ƙetarewa, wanda ke sa gicciyen a 15 ga Nisan. Yahaya 18:28 kuwa ya ce da safen nan shugabanni sun ƙi shiga fadar gwamna don kada su ƙazantu su kasa cin idin, wato 14 ga wata. Ranar mako ɗaya, kwanan wata biyu. Ga kuma sa'a: Markus 15:25 ya ce an gicciye shi a sa'a ta uku, ƙarfe 9 na safe, Yahaya 19:14 ya ce wajen sa'a ta shida, tsakar rana, yana gaban Bilatus tukuna. Wata masaniya Bafaranshiya, Annie Jaubert, a 1957 ta kawo shawarar cewa kalanda biyu ake bi a lokacin. Wasu sun karɓa, da yawa ba su gamsu ba. Ni dai ina ganin Yahaya ya fi dacewa da kwanan watan, don da wuya a yi shari'a da kisa a babbar ranar idi.

Ilimin taurari ma ya sa baki. Bilatus ya yi gwamna daga shekara ta 26 zuwa ta 36. A cikin wannan tsakani, ranakun da masana suka fi tsayawa a kai inda 14 ga Nisan ta faɗo Juma'a biyu ne: 7 ga Afrilu na 30 da 3 ga Afrilu na 33. A 1983 Colin Humphreys da Graeme Waddington na Oxford sun goyi bayan ta biyun, suna nuna cewa an yi husufin wata a yammacin ranar. Ana jayayya ko an iya ganinsa sosai daga Urushalima, amma a lura, jayayyar a kan shekara ce.

Laifin bai tsaya kan masu lasifika ba. Coci-cocinmu sun iya shirya babban taron Ista, a yi hayar rumfuna da motoci da janareto, amma da wuya ka ji an ware rabin awa an zana wa matasa kwanakin nan uku a allo. Ɗalibin makarantar Lahadi ya haddace Matiyu 12:40, bai taɓa jin Esta 5:1 ba. Fastoci su koyar da wannan kafin makon ya zo, gidajen rediyo kuma in za su sayar wa mai Laraba lokaci, su zaunar da wanda ya san Girkanci kusa da shi, a buɗe Luka 24:21 a ce ya ƙirga da yatsunsa.