Fankar da ba ta hutawa: a Kanada cuta, a Zariya magani

A nan Kanada, inda sanyi kan sauka ƙasa da sifili wata da watanni, gidaje da yawa da tukunyar gas ake ɗumama su. Tana can ɗakin ƙasa tana ƙona gas, wata babbar fanka na tura ɗumin ta bututu zuwa ɗakuna. Mai ba ta umarni ɗan akwati ne a bangon falo, wato tamostat. Ranar da fankar nan ta ƙi tsayawa, hankalin mai gida ba ya kwanciya sai an gano dalili. Mu kuwa can gida Zariya kuɗi muke biya a mayar mana da fankar mota haka. A ganina mu ne muka kauce hanya.

Mai gyara a nan daga kan tamostat yake farawa. Akwai makunnin fanka mai ON da AUTO. Idan yaro ya tura shi kan ON, fanka za ta yi ta juyi ko wuta na ci ko ba ta ci. A mayar da shi AUTO, magana ta ƙare. Kuma idan wutar gas ta mutu fanka ta ƙara minti biyu zuwa uku, lafiya lau, ragowar zafi take kwashewa.

Idan ba nan ba ne, sai wayoyin da suka haɗa tamostat da tukunyar. Kowace da harafinta: R ce ke kawo wuta bolt 24, W ta ɗumi, Y ta sanyi, G ta fanka. A kashe wutar lantarkin tukunyar, a kwance G daga allon na'urar, a mayar da murfi (akwai makunni a bakinsa da ke yanke wuta muddin yana buɗe), sannan a kunna. Fanka ta yi shiru? To laifin yana sama: ko tamostat ya lalace, ko R da G sun haɗu a cikin bango, ƙusa ta huda su ko ɓera ya ci rigarsu. A mayar da G, a kwance ta daga ɓangaren tamostat. In fankar ta sake tashi, waya ce.

Idan kuwa an cire G fanka na nan tana juyi, abu biyu ake zargi. Ko rile ɗin da ke kan allo, wato makunnin da ke ba fanka wuta, ya manne, ko makunnin kariya daga zafi ya yanke. Wannan na biyun ya fi muhimmanci. Da tukunya ta wuce kima da zafi, sai ya kashe gas ya bar fanka a kunne don ta huce. Alamarsa ita ce iska mai sanyi tana fitowa ba ƙaƙƙautawa. Sau da yawa filta ce ta toshe da ƙura, irin siririyar nan mai kaurin inci ɗaya da ake canzawa duk wata ɗaya zuwa uku. Ba a tsallake makunnin nan da guntun waya ko kusa. Ƙarfen da wuta ke ci a cikinsa na iya tsagewa, iskar kabon monoksaid ta shiga ɗakuna, ita ce dai wadda ke hallaka mutane idan an kwana da kaskon gawayi a rufaffen ɗaki lokacin hunturu.

To mu koma gida. Mota 'yar Kwatano na isowa, shawarar farko a gareji ita ce: a cire tamostat, na ƙasar sanyi ne, a haɗa fanka dairek ta yi ta juyi ba hutu. Ba na cewa makanikanmu ba su da hujja. Wanda ya san zafin Afrilu a cunkoson Kwangila ko PZ, ya kuma san kuɗin gasket idan ya ƙone, zai gane tsoronsu. Ga jabun kayan gyara.

Amma tamostat na mota ba ruwansa da ƙasar sanyi. Ƙaramar ƙofa ce tsakanin inji da lagireto, mai ɗanko a ciki da ke kumbura ya buɗe ta idan ruwa ya kai wajen digiri 80 zuwa 90. An ƙera injin ne ya yi aiki a wannan zafin. Idan an cire, da asubahin Janairu sai ka tashi daga Samaru ka kai Tudun Wada allurar zafin inji ba ta ɗaga ba. Kwamfutar motar na ganin inji da sanyi, sai ta yi ta ƙara masa fetur, a wannan tsadar. Fanka kuma tana cin kanta, tana ɗora wa batir da altaneta nauyi. Mafi muni, ainihin ciwon yana nan a ɓoye: lagireton da ruwan rijiya ya toshe da tsatsa, murfin da ya daina riƙe iska, ko famfon ruwa da ya gaji.

Gwajin ba wuya. A jefa tamostat a tukunyar ruwa a ɗora a wuta. Mai lafiya zai buɗe baki kafin ruwa ya tafasa, ya rufe idan ya huce. Fankar da ta ƙi tashi kuwa, a duba fis, a musanya rile ɗinta da wani irinsa a akwatin, sannan sensar zafi. A motoci da yawa, da ka zare filogin sensar nan fanka za ta tashi da kanta, dabarar kariya iri ɗaya da ta tukunyar Kanada. In ta tashi, fankar da wayoyinta lafiya suke, sensar za a bincika.

Masu kiwon kaji kada su ɗauki wannan magana zuwa injin ƙyanƙyasar ƙwai. Can fanka dole ta yi ta juyi dare da rana. Hita ce kaɗai tamostat ke kunnawa da kashewa, a tsayar da zafi a wajen digiri 37.5.