Kuɗin shokozoba akwai, na hular kwano babu

Abin da ke ba ni haushi shi ne mutum ya zuba kuɗi ya sauya wa motarsa shokozoba da sifirin don kawai ta yi ƙasa ta burge, alhali na asalin lafiyarsu lau, amma in ya zo sayen hular kwano ta hawa babur sai ya kama neman mafi araha. Haba!

Shokozoba tana da muhimmanci, wannan ba gardama. In ta mutu, taya kan riƙa tsalle a titi, birki ya daɗe bai tsayar da mota ba, gyaranta dole ne. Amma mai mota ƙarfe ne kewaye da shi, ga bel. Mai babur fa?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce hula mai inganci, in an ɗaura ta daidai, tana rage haɗarin rauni a ƙwaƙwalwa har zuwa kashi 74 cikin ɗari. Ta bogi ba ta da soson ciki mai kauri da ke shanye bugu, kuma igiyarta kan tsinke. A nemi mai tambarin ECE ko DOT na gaskiya, wato alamar cewa hular ta cika ƙa'idar inganci ta Turai ko ta Amurka. Safar hannu kuwa ba mai tunawa da ita, alhali in an faɗi, tafin hannu ne kan fara taɓa kwalta.