Gwajin da ya lalace a fadama, kwamfuta ba ta gyara shi

Hunturu ya fara, ana ta dashen albasa daga Kwalkwalawa har Wurno da Goronyo, ɗaliban aikin gona kuma suna auna fangali don binciken kundin kammala karatu. Gare ku nake magana, da malaman da ke duba ku. Ra'ayina shi ne, yanzu ne lokacin zama da mai ilimin ƙididdiga, kafin a dasa ko ƙwaya ɗaya. Wanda ya bari sai ya cire albasa ya auna, sannan ya zo da alƙaluma a waya yana cewa "Malam, a buga mini ANOVA", sau da yawa ya makara. ANOVA hanyar lissafi ce da ake gane ko bambancin da aka gani a gwaji na gaske ne ko kuwa dace ne kawai.

Ronald Fisher ya kama aiki a tashar binciken noma ta Rothamsted da ke Ingila a 1919, a can ya girka hanyar ANOVA, kuma a 1935 ya fitar da littafinsa kan tsara gwaji. Ginshiƙai uku ya kafa: maimaici, ƙuri'a, da kasa fili rukuni-rukuni. Duk ukun a gona ake yin su, da igiya da turaku.

A ce kana gwada matakin takin naitirojin biyar: 0, 30, 60, 90 da kilo 120 a hekta. Kowa ya san ƙasar fadama ba ɗaya ba ce. Bakin gulbi laka ce mai riƙe ruwa, kana hawa tudu tana komawa jigawa. In ka zuba kilo 120 a bakin ruwa, wanda ba taki kuma ka kai shi can sama, duk bambancin da ka gani ba mai iya rantsuwa cewa na taki ne. Sai ka yanka filin gida huɗu, kowane rukuni ya kwanta daidai da gulbin, ta yadda ƙasar cikinsa za ta zama kusan iri ɗaya. Kowane rukuni ya ɗauki fangali biyar, matakan nan biyar duka su shiga, jimla fangali 20. Masu yanka rukuni ya miƙe daga ruwa zuwa tudu sun yi aikin a baibai, sun cusa saɓanin ƙasa cikin rukunin da aka yi don ya kore shi.

Ƙuri'ar kuma sabuwa ake jefawa a kowane rukuni. Rubuta matakan a takarda biyar, naɗe, zuba a hula, zaro. Huɗu za ka yi, ba ɗaya ka kwafe ba. Ido ba ya yin ƙuri'a; hannun mutum, ko da bai nufa ba, yana kai takin da yake so ya ci wuri mai kyau. Ka bar kunya mai kauri tsakanin fangali, don ban ruwa na kwashe taki ya kai maƙwabci. Layukan gefe ba a auna su.

Abin da ANOVA ke yi bai da wuyar ganewa. Tana ɗaukar duk saɓanin da ke tsakanin fangali 20 ta raba shi uku: na taki, na rukuni, da ragowar da ba a san tushenta ba, wadda ake kira kuskure. Gurabun 'yanci (adadin da ake raba kowane saɓani da shi) 19 ne gaba ɗaya, wato fangali 20 a cire ɗaya, taki na da 4, rukuni 3, kuskure 12. Ga misali na ƙirƙira don a ga lissafin. Jimlar murabba'in taki, wato ma'aunin saɓaninsa, 48, ta rukuni 60, ta kuskure 36. Raba 48 da 4 ka sami 12. Raba 36 da 12 ka sami 3. Raba 12 da 3, F, wato awon saɓanin taki a kan na kuskure, ta zama 4. A jadawalin F, a matakin kasadar kashi 5 cikin ɗari ta ganin bambancin ƙarya, da gurabu 4 da 12, iyakar da ake so F ta wuce ita ce 3.26. Huɗu ta wuce ta, taki ya yi tasiri.

To ga wanda bai yi rukuni ba a wannan filin. Sittin ɗin nan ba ta ɓace ba, ta faɗa cikin kuskure, ya koma 96 a kan gurabu 15, wato 6.4. F ta sauko 1.9, iyaka kuwa 3.06. Taki ɗaya, albasa ɗaya, amma shi zai rubuta cewa babu bambanci. Kuma ba zai iya ƙirƙiro rukuni bayan girbi ba, tunda matakan ba su cika a kowane yanki ba.

Wanda ya fi wannan muni shi ne maimaicin bogi. Ɗalibi ya yi fangali ɗaya ga kowane mataki, ya tumɓuke albasa goma a ciki, ya ce maimaici goma. A'a. Fangali aka zuba wa taki, don haka fangali ne ɗaya. Albasa goman nan matsakaicinsu za ka ɗauka, lamba guda. Haka masu kiwo: jajayen awaki shida a ɗaki ɗaya suna cin dusa a kwano ɗaya, ɗakin ne ma'auni, ba akuya ba. Manhajojin lissafi irin su SPSS da R da GenStat ba su san wannan ba. Duk abin da ka zuba musu za su fitar da F mai ƙyalli da taurari uku, alamar bambanci mai ƙarfi, kuma ƙarya ce.

Batun maimaici uku da ya zama kamar farilla ma ina ja da shi. Da matakai biyar, rukuni uku na bar maka gurabun kuskure 8 kawai, iyakar F ta hau 3.84. Masana gwajin gona sukan so a kai kamar 12. In kuɗi ko fili sun gaza, gara ka rage matakan ka ƙara maimaici.

Wasu kan tsallake ANOVA su yi ta gwajin t, wato kwatanta matakan bibbiyu. Matakai biyar na ba da kwatanci 10, kuma in kowanne na da kasadar kashi 5, yiwuwar ka ga bambancin ƙarya aƙalla sau ɗaya na iya kusantar kashi 40. Sai F ta nuna akwai bambanci ake zuwa LSD, wato mafi ƙarancin tazarar da za a yarda da ita a matsayin bambanci na gaske. A misalinmu, 2.179 (daga jadawalin t, a gurabu 12) sau tushen murabba'in 1.5 (wato 3 ɗin kuskure sau 2, a raba da rukuni 4) ya ba da 2.67, duk matsakaici biyun da tazararsu ba ta kai haka ba, kada a raba musu harafi, wato a, b, c ɗin da ake saka wa matsakaici don nuna waɗanda suka bambanta. In kwatancen sun yi yawa, gwajin Tukey ya fi tsauri kuma ya fi aminci. Ga matakan taki ma, da yake adadi ne mai hawa, zana layin da ke nuna inda amfani ya daina ƙaruwa ya fi jera a, b, c amfani ga manomi.

Kafin a buga komai, a dubi irin alƙaluman. Ƙirgen ƙwari a ganye saɓaninsa na ƙaruwa tare da yawansa, shi ya sa ake ɗaukar tushen murabba'insa tukuna. Fangalin da shanu suka cinye kuwa gurbi ne da ya ɓata, ba sifiri ba. Rubuta masa 0 na ja da matsakaicin matakin ƙasa, ya kumbura kuskure. A bar shi fanko, a rage gurbi ɗaya daga na kuskure, 12 ta koma 11, kuma a faɗi haka ƙarara a ƙarƙashin jadawalin.