Ku ƙyale ɗalibar nan ta yi wa Kogin Kaduna waƙa

Kun dai ga bidiyon da ke yawo, na ɗalibar wata babbar makaranta a nan Kaduna da ta karanta waƙarta a kan ambaliya da ledar fiyawata. Surutun da ya biyo baya a Facebook shi ya hana ni yin shiru. Wai waƙa ba ta kwashe shara, wai ta je ta ji da karatunta, wai ƙungiyoyin Turawa ne suka biya ta. Haba jama'a!

Yarinyar nan a Tudun Wada ta tashi, kuma a cikin baitocin ta faɗi yadda ruwa ya shiga ɗakin mahaifiyarta da tsakar dare suka kwana a tsaye. Duk wanda ya zauna Bashama Road ko Kigo Road ko Kabala Costain ya san zaman ɗar-ɗar da ake yi a Agusta da Satumba in kogi ya kawo. Abin da ya same ta ta rubuta, to da wane baki za ka ce mata ba huruminta ba ne?

Kuma duk abin da ta lissafa gaskiya ne. Leda ta toshe kwatoci, mutane sun yi gini a kan hanyar ruwa, ga gawayi da kowa ya koma wa tunda gas ya yi tsada, ka bi hanyar Kachia ka ga buhuna jibge a bakin titi, duk itatuwa ne aka sare, in babu saiwar da za ta riƙe ƙasa ruwan sama zai kwashe ta ya zuba a kogi, kogin ya cike, sai ya nemi gidajenmu.

Masu raina waƙa sun manta tarihinsu. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu da waƙa ta karantar da matan karkara, jajis ɗinta, wato malamai mata na ƙungiyarta ta 'yan taru, su haddace su kai ƙauye-ƙauye. Har gobe abin da aka rera ya fi zama a kan mutanenmu. Kwatanta da abin da ake yi duk 5 ga Yuni, Ranar Muhalli ta Duniya: taro a otel, jawabi da Turanci, a dasa 'yan bishiyoyi a ɗauki hoto, ba mai komawa ya ba su ruwa. Matar da ke aika almajiri ya juye shara a kwata ba ta san an yi ba, amma baiti huɗu na Hausa a wayar 'yarta za su isa kunnenta.

Masu cewa aikin gwamnati ne kuwa, gwamnati ba ita ke jefa leda ta tagar Keke Napep ba.

Gidajen rediyon garin nan su ba irin waɗannan ɗalibai fili, malaman firamare da na Islamiyya su karɓi waƙoƙin su koya wa yara tun kafin damina ta kankama.