An Bar Jaki Ana Dukan Taiki

Ƙannena samarin Hausawan Gadarif ta ƙasar Sudan, yau da ku nake, kuma raina a ɓace yake. Da hantsin nan a layin ruwa na unguwarmu, wata Bahabashiya goye da yaro ta kai jarkarta bakin famfo bayan ta sha rana kamar kowa. Sai wasu samari suka ture jarkar, ɗayansu yana cewa su ne suka shanye mana ruwan gari, su koma ƙasarsu. Da Hausa ya faɗa, sauran suna dariya. Wallahi har yanzu ƙirjina zafi yake.

Kai ɗan gidan wa ne da za ka kori baƙo? Kakanninmu da ƙafa suka zo ƙasar nan. Wasu sun biyo Muhammadu Bello Mai Wurno bayan Turawa sun kashe mahaifinsa Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, suka sauka a bakin kogi kusa da Sinnar, garin ya ci sunansa. Wasu alhazai ne masu nufin Sawakin su haye zuwa Makka, guzuri ya ƙare, suka tsaya noma. Da aka gama madatsar Sinnar a 1925, guminsu ya shiga gonakin auduga na yankin Jazira. Duk da wannan, har gobe akwai mai kallonka ya ce Takari ne, ba ɗan ƙasa ba. Wanda cikinku ya je neman lambar ɗan ƙasa aka ce ya kawo shaidar kakan kakansa ya san abin da nake faɗa. To wannan ɗacin da aka ɗura muku, shi za ku ɗura wa wata?

Ko kun manta da 2022 ne? A watan Yuli, a rikicin ƙabilanci na Damazin da Rusairis, da wace magana aka fara kafin a ɗauki makami? Da cewa Hausawa baƙi ne, ba su da ƙasa. A Oktoba abin ya koma Wad al-Mahi, aka ƙone gidaje, aka binne mutane da yawa, matanmu suka yi gudun hijira. Ku ne kuka fito zanga-zanga a nan da Kasala kuna kuka. Yau kalmar da aka yanka 'yan'uwanku da ita tana bakinku. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Ranar da aka gama korar Habashawa da 'yan Sudan ta Kudu, wa kuke tsammani za a juyo kansa?

Ku faɗa mini gaskiya, yaushe Gadarif ta taɓa ƙoshi da ruwa? Tun kafin yaƙin Tigray na Habasha ya koro mutane ta kan iyakar Hamdayet zuwa sansanin Um Rakuba a ƙarshen 2020, muna sayen ruwa a wurin masu karo, wato amalanken jaki. An buɗe madatsar Sitit da Atbara a 2017, aka yi ta yi mana alkawarin bututun da zai kashe ƙishirwar garin nan, shekara na bin shekara. Matar nan ce ta riƙe kuɗin aikin? Kwalarar da ta ɓarke a nan a 2023 daga ƙazamin ruwa ta fito. Madatsar Arba'at da ke shayar da Port Sudan ta fashe a Agustan 2024 ta tafi da ƙauyuka, wane baƙo ne ya hana a gyara ta? Titi ya farfashe, wuta ta ɗauke, asibiti ba magani, babu wanda ya iya buɗe baki a gaban mai kujera, sai a zo a huce a kan mai jarka. Wannan ragwanci ne, ƙannena, ku yi haƙuri da ni.

Kuma mai cewa sun ƙwace mana aiki, shi ne za ka tarar a gindin mai shayi tun safe har la'asar, ido a Facebook, wani ma da ƙwaya a aljihu. Lokacin yankan riɗi ya zo, kana kwance, Bahabashe ya tsallako ya yanka. Laifi tudu ne. Tun da yaƙi ya tashi a Afrilun 2023, 'yan Sudan nawa ne suke layin ruwa a Adre ta Chadi, da Masar, da ita Habashar kanta ta hanyar Gallabat? Kuna so a ture musu jarka?

Iyaye su ja kunnen 'ya'yansu, limamai su taɓa maganar a huɗuba, wanda ya ga ana wulaƙanta baƙo ya tsawatar. Amma ni abin da ke ci mini rai shi ne yadda muka lalace. Mun tashi mun tarar da kowane gidan Bahaushe a nan yana da zaure, kuma zauren na matafiyi ne. Ana cewa baƙonka annabinka, kuma da gaske ake yi. Ƙwaryar tuwo takan fito bayan magariba ba a tambayi wanda zai ci ba, daga Borno yake ko daga Darfur. Yaro bai isa ya ɗaga wa mace mai goyo murya ba, dattijon da ke wucewa zai hukunta shi kafin labari ya kai gidansu. Yanzu zaurukan an mai da su shaguna, dattawan kuma suna tsaye a layi ɗaya da yaran, suna ji suna gani, kowa ya sunkuyar da kai yana tsaron jarkarsa.