Gargaɗin da ya iso bayan ruwa

Tun da Carlos Mazón ya sanar da sauka daga shugabancin yankin Valencia na ƙasar Sifaniya ranar 3 ga Nuwamban 2025 nake ganin wasu suna ta jinjina, wai ga inda shugabanni ke da kunya, ga inda mutum ke ajiye muƙami idan ya gaza. Wace kunya? Shekara guda da kwana biyar mutumin nan ya yi maƙale da kujerarsa bayan ruwa ya ci rayuka sama da 220 a hannunsa. Wata bayan wata ana cika tituna ana cewa ya tafi, ya yi kunnen uwar shegu. Sai da dangin mamatan suka yi masa ihu ido da ido a taron cika shekara, a gaban sarkin ƙasar da kyamarori, sannan ya ga babu sauran maɓoya. Idan wannan ce kunya, to lallai ta yi arha.

A tuna yadda ranar ta kasance. Talata ce, 29 ga Oktoban 2024. Tun kafin ƙarfe 8 na safe hukumar hasashen yanayi ta ƙasar ta ɗaga jan gargaɗi, wanda babu na gaba da shi. Jami'ar Valencia ba ta jira umarnin kowa ba, ta soke darussa. Da wajen ƙarfe 1 na rana Mazón ya fito yana kwantar wa jama'a da hankali, cewa ana sa ran ruwan zai lafa zuwa ƙarfe 6. Daga nan ya wuce cin abincin rana da wata 'yar jarida, zaman da ya kusa cinye awa huɗu. A can tudu kuwa, a garin Chiva, ruwan da ya zuba cikin awa takwas ya kai milimita 491, kusan na shekara guda ke nan.

Garin Paiporta, inda aka fi yin asarar rayuka, kusan ba a yi ruwa a cikinsa ba a ranar. Mutum ya leƙa ta taga ya ga titi a bushe, me zai sa ya gudu? Ruwan daga tudu ya gangaro ta kwarin Poyo, wanda yawancin shekara busasshe ne, yana tafe da laka da itatuwa da motoci. Da ya fara lasar ƙofofin gidaje, mutane da dama suka sauka garejin ƙarƙashin ƙasa don su fito da motocinsu, can ya ritsa da su. Tsofaffin da ke zaune a hawan ƙasa ba su samu wanda zai haura da su bene ba. Saƙon gaggawa na gwamnatin yankin bai shiga wayoyin jama'a ba sai ƙarfe 8:11 na dare. A lokacin wasu na kan rufin mota, wasu na rungume da bishiya, wayar na ƙara a aljihu tana ba su shawara su guji yin tafiye-tafiye. Daga baya kwamishinar da agajin gaggawa ke hannunta ta fito ta ce ita ma sai a daren nan ta san akwai wannan hanya ta aika saƙo.

Awa goma sha biyu ke nan tsakanin lokacin da hukuma ta sani da lokacin da aka gaya wa mai gida. A cikin wannan tazarar mafi yawan mutanen suka mutu, kuma ita ce masu mulki a ko'ina ba sa son a yi zancenta. Sun fi son a yi zancen gajimare.

Da ma sun samu sabuwar rigar fakewa mai suna sauyin yanayi. Ba na musun sa. Teku na ƙara ɗumi, iska mai ɗumi na ɗaukar danshi fiye da da, ruwan da ake yi a mako yanzu yakan zuba a dare guda. To amma wanda ya yarda da haka ai shi ya fi cancanta ya kwana da ido ɗaya. Abin mamaki, jami'in da ya fi kowa iya ambaton sauyin yanayi washegarin ambaliya shi ne wanda bai taɓa tuna shi ba ranar rabon kasafin kuɗi.

A dubi Darna ta Libiya. A daren 10 ga Satumban 2023 madatsun ruwa biyu da aka gina tun shekarun 1970 suka ɓalle a saman birnin, ruwan ya share unguwanni ya zuba su cikin teku. An tabbatar da mutuwar sama da mutum 4,000, wasu dubbai kuma har yau babu labarinsu. Shekara guda kafin nan wani masani ɗan ƙasar ya rubuta ƙarara cewa madatsun na buƙatar gyara, in ba haka ba za a ga bala'i. An karanta, an ajiye. Shekara guda cif bayan bala'in Darna, sai ga madatsar Alau ta afka wa Maiduguri, madatsar da ta taɓa yin irin wannan aika-aika a 1994. Shekara talatin ke nan aka samu ta yin shiri. Ruwa ya ci kasuwa, ya shiga asibiti, ya rusa katangar gidan yari fursunoni sama da 270 suka fice, ya kashe yawancin dabbobin gidan zoo, ya raba dubban ɗaruruwan mutane da gidajensu. Bayanin farko da ya fito daga ma'aikatar ruwa ta tarayya shi ne madatsar ba ta fashe ba, tumbatsa ta yi. Madatsar da ba ta fashe ba ita ce aka amince a kashe naira biliyan 80 wajen sake gina ta bayan 'yan watanni.

Masu cewa ƙaddara ce kuwa, su koma su karanta abin da Sayyidina Umar ya ce ranar da ya juya da tawagarsa daga hanyar Sham saboda annoba: daga ƙaddarar Allah ake gudu zuwa ƙaddarar Allah. Ruwan sama ba ya hannun kowa, amma tsagar da ke jikin madatsa tana da fayil, fayil ɗin kuma yana kan teburin wani.

Uzurin da ya fi ɓata mini rai shi ne na ɗora wa mamaci laifi. Mun gargaɗe su, sun ƙi tashi. Ku koma tudu, in ji sanarwa. Wane tudun? A wace mota? Wa zai tsare ɗakin da aka bari, wa zai ɗauki tsohuwar da ba ta iya taka ƙafa, ina za a kai dabbobin da su ne asusun gidan gaba ɗaya? Mutumin da ya gina ɗaki a bakin kwari ba don sha'awar kallon ruwa ya yi ba. Nan ƙarfinsa ya kai, kuma galibi akwai takarda mai hatimi da ta ba shi filin. Gaskiya ne mai zuba shara a magudana yana da nasa alhakin, amma buhun shara bai taɓa fasa madatsa ba.

Wanda ke ganin jama'a ne ba sa jin magana, ya je Bangaladash ya ga yadda ake sa su ji. A 1970 guguwa da ambaliyar teku suka kashe aƙalla mutum 300,000 a can. A 1991 ma an rasa kusan 140,000. Da guguwar Amphan ta zo a 2020, an kwashe sama da mutum miliyan 2 kafin ta sauka, waɗanda suka mutu a ƙasar ba su wuce 'yan gomomi ba. Ba wata na'ura mai tsada ce ta yi wannan aiki ba. Dubun-dubatar 'yan sa-kai ne ke bin ƙauyuka a ƙafa da kan keke, riƙe da lasifika, suna kiran mutanen da suka san su da suna. Akwai gine-gine masu dogayen ginshiƙai da kowa ya san hanyarsu, domin a sauran ranaku makarantar 'ya'yansa ce. Da aka lura mutane na ƙin tafiya saboda shanunsu, sai aka tara ƙasa aka yi tuddai na musamman don dabbobi. Wato an tambayi mutum abin da ke hana shi tashi, aka kawar da shi. Masu kukan babu kuɗi sai su faɗa mana yaushe Bangaladash ta fi Sifaniya arziki.

Abin da nake nema ba shi da yawa. Kowace madatsa a san sunan wanda ya sa hannu cewa lafiyarta ƙalau kafin damina, a buga sunan kowa ya gani. Kowane gari a san mutum ɗaya da aka ɗora wa busa ƙaho, wanda ba ya buƙatar jiran mai gida ya gama cin abinci, kuma ba za a tsangwame shi ba idan ya busa ruwan bai zo ba. Kwamiti ba ya jin tsoro, mutum mai suna ne ke ji. A kwarin Ahr na Jamus, inda sama da mutum 130 suka mutu a Yulin 2021 duk da gargaɗin kwanaki, ciki har da naƙasassu 12 da ruwa ya cinye a gidan da ake kula da su, masu gabatar da ƙara sun rufe binciken shugaban gundumar a 2024 ba tare da tuhuma ba. Libiya mai gwamnatoci biyu ma ta ɗaure jami'ai 12 kan Darna.

Su kuwa masu tafa wa Mazón, ga abin da ba su lura da shi ba. Kujerar shugabanci ya ajiye, amma ya riƙe ta ɗan majalisar yankin, kuma ita ce ta ba shi rigar kariyar da ta hana alƙaliyar da ke binciken mace-macen tuhumarsa kai tsaye.