Yadda "idan" ta kusa cinye min aiki

Ogana ɗan kudu ne, ba ya jin Hausa. Da aka yi masa tiyata sai na ce bari in yi masa sannu ta WhatsApp. A raina "idan ka warke za mu yi walima" nake nufi, na rubuta: "If you recover, we will celebrate." Amsa ta zo, kalma ɗaya tak: "If?"

Ashe mu "idan" ɗinmu ɗaya ce, tana ɗaukar tabbas, tana ɗaukar shakka. Bature ya raba su gida biyu: "when" ta abin da ba makawa ce, "if" kuwa ta ƙila-wa-ƙala. Wato na gaya wa mutumin da ke kwance ana yi masa ƙarin ruwa cewa tashinsa sai yadda hali ya yi.

Jiki na rawa na gyara: "When you will recover." Wannan ma kwaɓa ce. Bayan when, before, after, until, as soon as, unless da "if" ta sharaɗi, ba a saka "will" ko da gobe ake nufi. Aikatau na zama a siffarsa ta yau da kullum, "when you recover", sai ɗaya ɓangaren jimlar ya ɗauki "will". Amma "I don't know when he will come" daidai ce, domin nan tambaya ce a ɓoye, ba sharaɗin lokaci ba.

Da na tsaya nan da sauƙi. Sai na tuna a Hausa "ka warke" muke cewa, siffar abin da ya wuce, na ɗauka ko nan kuskuren yake. Na aika: "If you recovered, we would be happy." Wayyo! Siffar da ta wuce haɗe da "would" ita ce "da… da…" tamu, irin ta "da ina da kuɗi da na sayi mota". Ana yin ta ne kan abin da ba a sa ran zai faru. Na riga na fara rubuta "If you had recovered", wadda ke tafiya da "would have", ta da-na-sani bayan an yi an gama, sai madam ɗin da ke teburin kusa da ni ta fizge wayar ta ce, "Malam, gaisuwa kake yi ko ta'aziyya?"

Oga ya dawo bayan mako 3, garau. Na bari ya huce, na shiga neman ƙarin albashi. Ya kalle ni ta saman tabarau, ya ce, "If I had money, I would increase it," yana jaddada "had" ɗin a hankali. Na ce na gode, ranka ya daɗe, na ja ƙofa.